Ikon Jami'an Kwastam na Binciken Gida da Kama Kaya, da Yadda Ya Shafi Tambuwal da Kebbe

Ikon bincike da kamu shi ne hurumin da dokar tarayyar Najeriya ta bai wa jami'an Hukumar Kwastam na shiga gida ko shago ko sito, da tsayar da mota, da laluben jikin mutum, domin neman kayan da ake zargin an shigo da su ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, ko ana shirin fita da su ta ɓarauniyar hanya. In an samu irin waɗannan kaya, jami'i yana iya tsare su ko ya kama su, har a tabbatar ko za su koma hannun mai su ko su zama na gwamnati. Sha'anin kwastam yana cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka babu gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ko hakimin da zai iya ƙara wa wannan hurumi ko ya rage masa. Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Hukumar Kwastam ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Afrilu na 2023.

Matsayin yankin

Tambuwal da Kebbe ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a kudancin jihar Sakkwato. A ƙidayar 2006 Tambuwal tana da mutum sama da 220,000, Kebbe kuma sama da 120,000. Ko ɗayarsu ba ta yi iyaka da wata ƙasa ba. Jihar Kebbi ce ta rufe su ta yamma, Kebbe kuma ta haɗa iyaka da Zamfara ta wajen Gummi. (Baƙi sukan rikita Kebbe da Kebbi, ta farko ƙaramar hukuma ce a Sakkwato, ta biyu jiha ce mai zaman kanta.)

Abin da ya jawo kwastam yankin shi ne hanya. Babban titin da ya taso daga Sakkwato yana bi ta Bodinga da Shagari da Dogon Daji da Tambuwal, ya shiga Aliero da Jega, ya miƙa Yawuri da Kwantagora. Kayan da suka shigo ta Illela, wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni a Nijar, in kudu za su, nan ce hanyarsu. Waɗanda suka shigo ta Kamba ko ta ƙasar Bagudo, inda Tsamiya da Lolo suke, suna haɗuwa a Jega, kuma wanda ya nufi Sakkwato daga can sai ya ratsa Tambuwal. Kebbe ba ta kan wannan titi, amma hanyoyinta na karkara sun haɗa ƙasar Kebbi da yammacin Zamfara. Ta fuskar gudanarwa, yankin yana ƙarƙashin ofishin kwastam mai kula da Sakkwato da Zamfara, wanda mazauninsa ke birnin Sakkwato. Jihar Kebbi tana da nata ofishin a Birnin Kebbi. Akwai kuma rundunar ayyuka ta tarayya ta shiyya ta biyu mai hedikwata a Kaduna, wadda jami'anta ke sintiri a manyan hanyoyin arewa maso yamma ba tare da sun tsaya kan iyakar jiha ba.

Asali

Karɓar kuɗi daga fatake ya girmi zuwan Turawa. Sarakunan ƙasar Hausa suna karɓar kuɗin fito a mashigin kogi da ƙofar gari, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitab al-Farq, ya lissafa ɗora wa 'yan kasuwa da matafiya haraji cikin halayen mulkin da ya soka. A ƙarni na 19 Jega ta zama babbar kasuwa a hanyar ayarin goro mai zuwa Gwanja, Tambuwal kuma, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, tana tsakaninta da Sakkwato. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, gwamnatin Lugga ta kafa nata kuɗin ayari, amma aka soke shi a 1907.

Iyakar da ta raba Najeriya da Nijar kuwa yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne na 1898 da 1904 da 1906 suka haifar da ita, tsawonta kimanin kilomita 1,500. Ita ta mayar da cinikin da kaka da kakanni suka saba yi tsakanin Ƙonni da Sakkwato, ko tsakanin Gaya ta Nijar da Jega, ya koma shige da fice tsakanin ƙasashe biyu. Har yau a bakin 'yan kasuwar iyaka kalmar fito tana nan, ana kiran masu haye da kaya 'yan fito, ana kiran kwastam na tsallaken Nijar duwan.

Ita kanta hukumar daga bakin teku ta faro, a 1891. Dokar da ta fi daɗewa tana tafiyar da ita ita ce Dokar Gudanar da Kwastam da Harajin Kayan Cikin Gida ta 1958, wadda aka tsara a kan samfurin dokar Ingila ta 1952. Ta yi fiye da shekara sittin ana aiki da ita, kuma yawancin hukuncin kotunan da lauyoyi ke kafa hujja da su a kanta suka ginu. Dokar 2023 ta shafe ta, ta kawo sauye-sauye a shugabanci da kuɗin shiga, kamar sharaɗin cewa babban kwanturola ya fito daga cikin jami'an hukumar, da ware wa hukumar kashi 4 cikin ɗari na darajar kayan da ake shigo da su. Sai dai ba ta kawar da ikon sintiri da bincike da kamu ba.

Faɗin ikon

Sashe na 147 na dokar 1958, kafin a shafe ta, shi ne aka fi ambata duk lokacin da aka fasa sito. Abin da ya ƙunsa shi ne, in akwai dalili mai ƙwari na zargin cewa an ajiye ko an ɓoye wani abin da doka ta ce a ƙwace a cikin wani gini ko wani wuri, jami'i yana iya shiga ba tare da takardar izinin kotu ba, da rana ko da dare, ya bincika, ya kama, ya kwashe. In an hana shi shiga, yana iya ɓalle ƙofa ko taga ko akwati, gwargwadon abin da aikin ya buƙata. Sassan da suka biyo baya sun ba da ikon binciken mota da jirgi da jikin mutum, da sharaɗin cewa mace, mace ce za ta bincike ta. Sashe na 158 ya ba jami'i damar sintiri ya ratsa kowane sashe na ƙasar. Sashe na 8 kuma ya ba shi ikon ɗan sanda da kariyarsa a lokacin da yake aikin kwastam.

Wannan iko ne mai faɗi ƙwarai. Ɗan sanda, a ƙa'idar yau da kullum, sai ya je gaban alƙali ya yi rantsuwa kafin a ba shi takardar binciken gida. Dokar 1958 ta ɗauke wa jami'in kwastam wannan tsani, ta bar masa sharaɗi guda, wato zargi mai dalili. Duk nauyin dokar a kan wannan sharaɗi ya rataya. Jita-jitar kasuwa, ko tsegumin abokin gaba, ko kasancewar mutum mai sayar da shinkafa kawai, ba su isa dalili ba. Illar tsarin ita ce wanda zai shiga gidan shi ne mai auna ƙwarin dalilinsa, kotu ba ta sa baki sai bayan an riga an ɓalle kwaɗo.

Ƙasashe da dama sun yi fama da wannan batu. A 1761 lauya James Otis ya tsaya gaban kotu a Boston yana ƙalubalantar buɗaɗɗiyar takardar izinin da jami'an kwastam na Sarkin Ingila ke shiga gidaje da ita, takardar da ba ta ambaci sunan kowa ko gidan kowa ba. Ƙin jinin wannan takarda na cikin abin da ya haifar da gyara na huɗu a kundin tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda ya hana bincike da kamu marasa dalili. A Faransa, jami'in kwastam ba ya shiga gidan mutum sai da umarnin alƙali, in ba an kama mai laifi dumu-dumu ba ne, kuma a 2022 Majalisar Tsarin Mulkin ƙasar ta soke sashen da ya ba su ikon binciken kaya da motoci da mutane a ko'ina, saboda ba a gindaya masa isassun sharuɗɗa ba.

Gida da alfarmarsa

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sashe na 44 ya hana karɓe dukiyar mutum da ƙarfi, amma ya keɓe ƙwace kaya saboda karya doka, da riƙe su na ɗan lokaci domin bincike. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita haƙƙin sirri da dokar da hankali zai karɓa a ƙasa mai dimokuraɗiyya. Tsakanin waɗannan sassa uku ake ja-in-ja a kotu.

A gari kamar Jabo ko Sanyinna ko Kuchi, maganar ta fi haka nauyi. Gidan Bahaushe ko Bafulatanin gari yana da zaure, inda baƙo namiji ke tsayawa ya yi sallama, sannan shigifa, sannan cikin gida inda matan aure suke, wurin da ake rubuta wa ba shiga. Addini ya ƙarfafa wannan da umarnin neman izini da ke cikin Suratun Nur. Ga shi kuma ƙaramin ɗan kasuwa sau da yawa ba shi da wani sito daban, a ɗakin zaure ko a wani ɗaki na cikin gida yake jibge buhunansa, kusa da rumbun hatsin iyali. Don haka binciken kaya a nan kusan kullum binciken iyali ne.

Dokokin shari'ar laifi na ƙasar sun san da wannan. Tun dokar tsarin shari'ar laifi ta Jihar Arewa ta 1960, har zuwa dokar tarayya ta 2015, an tanadi cewa mai binciken da zai shiga ɗakin macen da bisa al'ada ba ta fita bainar jama'a, sai ya sanar da ita tukuna, ya ba ta damar kaucewa. An kuma tanadi a yi bincike gaban shaidu biyu, a rubuta jerin abin da aka ɗauka. Jami'in da ke da ikon ɗan sanda ya kamata ya ɗauki ladabin da aka ɗora wa ɗan sanda. Neman mai unguwa ko dagaci ya tsaya kafin a shiga ba ya rage wa aikin komai, yana kare jami'in daga zargin ɗaukar abin da ba a rubuta ba, yana kuma hana taron gari ya rikiɗe ya zama tarzoma.

Abin da ke biyo bayan kamu

Doka ta bambanta tsarewa da kamawa da ƙwacewa, ko da yake a bakin jama'a duka ukun “kwastam sun kama” ne. Tsarewa ita ce riƙe kaya har a duba takardu. In an ga kuɗin fiton da aka biya bai cika ba, ana iya rubuta wa mai kaya takardar neman ciko, ya biya, a sakar masa. Kamawa ita ce matakin da hukuma ke cewa kayan sun cancanci ƙwacewa. Ƙwacewa kuwa ita ce fitar kaya daga mallakar mai su.

Bisa tsarin da dokar 1958 ta shimfiɗa kafin a shafe ta, hukuma tana ba mai kaya sanarwar kamu a rubuce, sai fa in a gabansa ko gaban wakilinsa aka yi kamun. Yana da wata ɗaya ya rubuta cewa kayansa ba su cancanci ƙwacewa ba. In ya rubuta, dole hukuma ta kai maganar kotu. In wa'adin ya wuce shiru, ana ɗaukar kayan sun zama na gwamnati. A nan talaka ya fi faɗuwa. Maimakon ya rubuta takarda, sai ya ɓata kwanakin yana bin ƙafa wajen wani babba ko ɗan siyasa, kafin ya farga ƙofar ta rufe. Kotun da ke da hurumi ita ce Babbar Kotun Tarayya, bisa sashe na 251 na tsarin mulki, kuma tana da reshe a Sakkwato. Kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci ta Tambuwal ba ta da ikon sakin kayan da kwastam suka kama.

Abubuwa biyu suna ƙara wa kamu zafi. Na farko, ƙwacewa ba ta tsaya kan haramtaccen kayan kaɗai ba, tana haɗawa da motar da ta ɗauko shi, ko babur, ko dabba, da duk halastaccen kayan da aka cakuɗa ko aka rufe shi da su. Direban haya da ya ɗora buhu goma na wani fasinja yana iya rasa motar da yake ci da iyali da ita. Na biyu, dokar 1958 ta ɗora wa mai kaya nauyin nuna cewa an biya kuɗin fito ko an shigo da kayan bisa ƙa'ida. Tsarin mulki, a sashe na 36, ya ce wanda ake tuhuma mara laifi ne har a tabbatar, amma ya yarda doka ta ɗora masa tabbatar da wasu keɓaɓɓun abubuwa. Ga babban mai shigo da kaya wannan ba wahala ba ce, takardunsa na cikin fayil. Ga mai shago a Dogon Daji da ya sari buhu biyar a hannun dillali, wanda shi ma a hannun wani ya saya, takardar kwastam abu ce da bai taɓa gani ba.

Kayan da ke saurin lalacewa da dabbobi masu rai ana iya sayar da su kafin a gama shari'a. Sauran, bayan an ƙwace, ana yin gwanjonsu, ko a lalata su, ko a rabar. Hukumar ta fara gwanjo ta intanet a 2017. An sha kai shinkafar da aka ƙwace sansanonin 'yan gudun hijira na arewa maso gabas.

Manufofin da suka ƙara yawan kamu

Yawan bincike yana bin manufar gwamnati ta lokaci. A watan Maris na 2016, zamanin babban kwanturola Kanar Hameed Ali mai ritaya, aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa. Daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta nan, abin da ya taɓa masu cinikin mota 'yar Kwatano. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya. Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamba 2020, Kamba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar Nijar, har zuwa Maris 2024. Kayan da aka fi kamawa a wannan shiyya su ne shinkafa 'yar waje, man girki, taliya, dilolin gwanjo, motoci, ƙwayoyi, da man fetur a jarkoki mai fita waje.

Akwai kuma ɓangaren fitarwa, wanda ya fi shafar yankin noma irin wannan. Wata dokar 1989 ta hana fitar da wake da masara da shinkafa da rogo da doya. A farkon 2024, da tsadar abinci ta yi tsanani, an tsare motocin hatsi da yawa a hanyoyin iyaka, har a watan Maris Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a mayar wa masu su, bisa sharaɗin su sayar a kasuwannin cikin gida.

Samamen kasuwa da sito shi ya fi tayar da ƙura. A 2015 kwastam sun rufe ɗakunan ajiyar atamfa da yadi 75 a Kano. A 2017 sun kwashe shinkafa da dare a kasuwar Sango Ota ta jihar Ogun, a 2021 kuma a kasuwannin Bodija da Oja Oba na Ibadan, inda kwamitin Majalisar Dattawa ya nemi a mayar wa 'yan kasuwa kayansu. Kukan 'yan kasuwa a duk waɗannan wurare ɗaya ne: kayan da suka wuce shingaye barkatai daga iyaka, me ya sa sai a shagon mai sayarwa za a gane haramcinsu?

Nisa daga iyaka

A 2017 hukumar ta ba da umarnin rushe duk shingen da ya wuce kilomita 40 daga iyaka, ta ce a cikin ƙasa sintiri na ɗan lokaci bisa rahoton sirri kaɗai aka yarda da shi. Tambuwal da Kebbe sun yi wa wannan zobe nisa sosai. A Yuli 2023 sabon babban kwanturola, Bashir Adewale Adeniyi, ya rushe rundunar musamman ta ofishinsa da nufin rage yawan shingaye. Amma waɗannan umarni ne na cikin gida, wani shugaba na iya sauya su gobe.

Abin da ya fi su ƙarfi shi ne hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna na Disamba 2024, wanda Mai Shari'a Ntong Ntong ya karanta. Maganar ta wani ɗan kasuwa ce da aka kama wa buhun shinkafa 'yar waje 613 da buhun gero 80 da mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya a 2019. Kotun ta kori ƙarar hukumar, ta ce wannan hanya ba iyakar ƙasa ba ce, mutumin kuma mai saye ne a kasuwa, ba shi ya shigo da kayan ba, ta umarta a mayar masa da dukiyarsa. Hukuncin bai halasta fasa-ƙwauri ba, bai kuma hana bin sawun kayan da aka ga sun tsallako ba. Abin da ya yi shi ne raba mai shigo da kaya da mai saye, kuma wannan rabewa ita ce ta fi shafar mutanen da ke zaune a kan titin Sakkwato zuwa Jega.

Babu mai hankalin da zai so a raba kwastam da ikon bincike. Ta waɗannan iyakoki makamai da ƙwayoyi ke shigowa, kuma ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kebbi ta ga abin da bindiga ke yi wa ƙauye. Jami'ai ma suna rasa rayukansu a wannan aiki. Sai dai ikon da aka ba da domin bindiga da ƙwaya, in aka ƙarar da shi kan buhu uku na mai shago, hukumar tana asarar haɗin kan mutanen da su ne za su tsegunta mata babban ɗan sumoga.

Wanda aka shiga gidansa ko aka kama kayansa, kada ya yi jayayya da jami'i a wurin, domin hana jami'in kwastam aikinsa laifi ne mai zaman kansa. Ya nemi sanin ofishin da suka fito, ya nemi a rubuta jerin abin da aka ɗauka a ba shi kwafi, ya adana rasiɗin sayen kayansa da takardun motarsa. Yana iya kai koke ga kwanturolan Sakkwato ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, yana kuma iya shigar da ƙarar kare haƙƙinsa. Amma ya ga lauya a cikin kwanakin farko, domin wa'adin da'awar kaya gajere ne, kuma Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata uku kacal a kai ƙarar jami'i kan abin da ya aikata a bakin aiki.